Littafin maɓallin Inna: Tawa, ƙarshen 2024

Asabar, 9 ga Nuwamba

Saƙon Yaya ya iso yau da motar Yamai. Wani abokinsa ne ya riƙo shi daga Faransa. Ƙananan kwalaye shida ne, da ƴar na'urar karantawa mai kama da ƙaramin talho. A cikin kowane kwali akwai abin auna sukari da ake mannawa a dantse, fari, zagayayye, ya ɗan fi kuɗin ƙarfe na dala ɗari faɗi. Da Inna ta gan shi sai ta ce maɓalli, sunan kuwa ya bi shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Inna tana fama da ciwon sukari, shekara uku tana allurar insulin safe da yamma. Yatsunta duk sun yi kanta saboda tsira. Azumin bara sau biyu muna karya mata da rana tsaka tana rawar jiki, tana kuka tana cewa mun raba ta da lada. Bana ana sa ran azumi a farkon watan Maris, kuma lokotoro ya ce ba zai ce ta yi ko ta bari ba sai ya ga yadda sukarinta ke tafiya dare da rana na tsawon makonni. Aikin da na ɗauka ke nan: in riƙa manna mata, in riƙa rubutawa, in kai masa.

Na zauna da takardar da ke cikin kwalin har bayan isha'i. Kamfanoni irin su Abbott da Dexcom na Amurka ne suka yi fice wajen ƙera irin waɗannan na'urori. Namu kwana 14 yake yi. Allura ce ke shigar da wani siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 a ƙarƙashin fata, sai ita allurar ta koma cikin madannin, zaren ya zauna. Ba jinin jijiya yake aunawa ba, ruwan da ke tsakanin tsoka da fata ne, shi ya sa lissafinsa kan yi jinkirin ƴan mintoci bayan na yatsa. Ba ya son zafi wurin ajiya, ga shi ranar Tawa har yanzu ba ta sauka ba, don haka na sa kwalayen a ƙofar firij, nesa da wurin ƙanƙara.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau mun yi asarar guda.

Bayan la'asar na zaunar da Inna kan tabarma a tsakar gida, na goge bayan dantsenta na hagu da alkol, na ɗora madannin na danna. Ya yi ƙara ƙas. Ta ce ba ta ji komai ba, har ta fara murmushi. Ina ɗage madannin sai na ga jini ya tsatso ta ɗan ramin da ke tsakiyar maɓallin. Ɗigo ɗaya ya taru, ya kumbura, ya gangaro kan farin robar, na biyu ya biyo shi, ya bi dantse ya sauka har gwiwar hannu. Jikarta da ke riƙe da ƴar na'urar ta ƙwalla ihu. Inna ta juyo ta gani, ta ce: "Ɗiyata, cire mini wanga abu, ya huda jijiya." Hannuna na rawa na kama gefensa na ɓamɓare shi. Na danna wurin da auduga, kafin in ƙirga ɗari jinin ya tsaya.

Da hankalina ya dawo na duba wurin, huda ce da ba ta kai ta allurar insulin girma ba. Maɓallin kuwa in an cire shi an cire ke nan, ba ya komawa. Kwana 14 na lissafi sun tafi cikin minti ɗaya, ga kuɗin da Yaya ya tara da guminsa. Ban kira shi ba yau. Inna ta yi shiru har dare, ba ta ci tuwon kirki ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Da aka tashi daga lakkwal na biya wurin majo, babban malamin jinya na asibitin unguwarmu, na nuna masa maɓallin da takardar. Ya karanta a natse, sannan ya tambaye ni magungunan da Inna ke sha. Da na kai ga asfirin na kullum da aka rubuta mata saboda zuciya, sai ya ɗaga kai ya ce to ga bakin zaren.

Bayaninsa shi ne, fata cike take da ƙananan hanyoyin jini waɗanda ido ba ya gani. Allura ba ta da ido ita ma, wani lokaci ta wuce tsakaninsu, wani lokaci ta taɓa ɗaya. Mai shan asfirin ko wani maganin hana daskarewar jini, nasa jinin yakan ɗan jima kafin ya tsaya, kuma ya fi saurin yin tabo. Ya ce abin da ya kamata in yi jiya shi ne in ɗora kwamfares, wato farin ƙyallen ɗaure rauni, mai tsabta a kan maɓallin, in danna a hankali ba tare da ɗagawa ina leƙe ba, in duba agogo har minti uku. In ya tsaya, a bar maɓalli a wurinsa. In ya ƙi tsayawa, ko tana jin zafi mai tsanani, ko wurin yana kumbura, sai a cire, a danne fatar kanta, a sa sabo a wani wuri daban. In an cire an danne minti goma jini bai daina ba, wannan kuma ba zancen gida ba ne, a kawo ta.

Ya ƙara da cewa in bar auduga, gashinta na maƙalewa a jikin manne. Na tsaya farmasi na sayo kwamfares fakiti biyu da filasta.

Da na dawo na tarar da ƙanwar Inna ta zo gaisuwa, ta riga ta ji labari. Shawararta ita ce a bar asfirin ɗin kwana ɗaya kafin a sake mannawa. Na kira lokotoro a gabanta. Ya ce kada a kuskura a tsayar da shi ba da saninsa ba, kuma ko an tsallake kwana ɗaya ba abin da zai sake, don aikinsa a cikin jini yana kai mako guda zuwa kwana goma bayan an sha. Ɗigon jini a dantse ba za a haɗa shi da abin da maganin ke tsare ta daga gare shi ba. Na ji daɗi da Goggo ta ji da kunnenta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da safe Inna ta ce ita dai a bar ta da tsiran yatsanta. Ban matsa mata ba. Na zauna kusa da ita ina tsince wake, na tambaye ta yadda aka yi matar da wanzami ke yi wa ƙaho, jini ya cika ƙoƙo ba ta ko motsa ba, ta tsorata da ɗigo uku. Ta ce: "Jinin ƙaho na san mi ya hisshe shi, na san sa'ad da zai tsaya. Wanga ban san shi ba." Maganar ta zauna mini. Ashe rashin sani ne ya firgita mu, mu duka biyu. Sai na maimaita mata abin da majo ya faɗa, tiryan-tiryan, na nuna mata zaren tsohon maɓallin, ta taɓa shi da yatsa ta ji laushinsa kamar gashin wutsiyar doki. Na ce mata ko da jini ya fito yau, ita za ta riƙe agogo.

Bayan azahar ta miƙo dantsen dama. Wannan karon na wanke wurin da sabulu mara turare, don tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa take shafa man kaɗe, manne kuwa ba ya kama fata mai maiƙo. Na goge da alkol na jira ya bushe sarai. Na haska fitilar talho ina neman wurin da ba jijiyar da ta fito fili, na kauce wa tabon lambar yarinta, na zaɓi inda naman ya fi taushi a baya. Kwamfares a buɗe a cinyata. Na danna.

Ko ɗigo. Bayan awa ɗaya na'urar ta fara magana: 164, a ma'aunin miligiram. Mu nan da giram muka saba, wato 1,64 ke nan a bakin lokotoro.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Rediyo na ta zancen ranar ciwon sukari ta duniya. Na gwada maɓalli da yatsa kafin karin kumallo: 131 da 138. Sun yi kusa. Maɓallin awa takwas kaɗai yake iya riƙe lissafi a cikinsa, don haka na tsara a kara na'urar da asuba, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya. Ta azahar jikarta ke yi tunda ina aji.

Maƙwabta sun fara tambaya. Wata ta ce ko laya ce ta Turawa. Inna da kanta ta yi mata bayani, har da cewa yana iya fidda jini amma ba komai ba ne.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mako guda ya nuna mana abin da shekara uku na tsiran yatsa ba su nuna ba. Furar hantsi da ake dama mata da sukari tana kai ta 270, kuma ba ta saukowa sai wajen la'asar. Ranar da ta ci kwaɗon zogale da ƙuli kafin tuwo, layin bai yi tsalle haka ba. Wannan duk mun yi zato. Abin da ba mu sani ba shi ne dare. Sau uku layin ya faɗi ƙasa da 70 tsakanin ƙarfe biyu da huɗu.

Daren jiya na kwana ɗakinta. Ƙarfe uku na kara na'urar, 61. Na tashe ta na tsira yatsa, 66, goshinta da gumi duk da sanyin da ake yi. Na jiƙa mata ƙwayar sukari uku ta sha, bayan minti 15 ta haura 90. Ta ce ai ta daɗe tana farkawa da ciwon kai da mugun mafarki, ta ɗauka tsufa ne. Na zauna bakin gadon na kasa komawa barci. Da mun bar maɓallin saboda jinin ranar Lahadi, da har yanzu wannan abu yana faruwa cikin duhu ba wanda ya sani. Da gari ya waye na kira lokotoro, ya rage mata allurar yamma, ya ce kada ta kwana ba ta ci abin kirki ba.

Ya kuma gargaɗe ni: in mutum ya kwanta a kan dantsen da maɓallin yake, nauyi na iya sa ya nuna ƙasa alhali sukarin lafiya lau. Saboda haka duk lambar da ta ba ni tsoro, ko ta saɓa da yadda Inna ke ji, a tabbatar da yatsa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Kwana 14 sun cika. Na shafa ɗan man gyaɗa a gefen tsohon ya saki ba wuya. Fatar ta ɗan yi fari, ba ja, ba ƙaiƙayi.

Na uku ya koma dantsen hagu, yatsa uku sama da wurin farko. Na bi duk matakan, amma ina ɗage madanni jini ya cika ramin, ya fi na ranar farko ma. Gabana ya faɗi, sai dai hannuna ya riga ya san inda kwamfares yake. Na ninka shi biyu na ɗora a kan maɓallin, na tallabi dantsen da hannun hagu, na danna da yatsu biyu na dama, matsakaicin dannawa, ba irin wadda za ta tura zaren cikin nama ba. Inna na riƙe da talho tana kallon agogo. Ja ya ɓullo a tsakiyar farin ƙyallen, ya yi faɗin ƙwayar wake, ya yi na gyaɗa. Zuciyata na ce mini ɗaga ki duba. Inna ta ce: "Saura minti biyu, kak ki ɗaga." Tana jan carbi da ɗaya hannun. Akuya na kuka a bayan gida, ladan ya fara gwada lasifika. Ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba.

Da suka cika na ɗaga a hankali. Jan bai ƙara faɗi ba, ramin ya yi duhu, jinin ya daskare. Muka ƙara jira minti biyar ba abin da ya sake fitowa. Na tambaye ta ko akwai zafi, ta ce kamar cizon sauro. Na jiƙa sabon kwamfares da ruwa kaɗan na share abin da ya gangaro a fata da saman robar, ban zuba alkol a ramin ba, ban kuma tsokale shi ba. Gefen mannen na ƙasa ya jiƙe da jini ya ɗan ɗago, sai na kewaye shi da filasta, na bar ramin tsakiya a buɗe kamar yadda takardar ta ce.

Bayan awa ɗaya ya tashi: 149.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Damuwata ita ce ko jinin ya ɓata lissafi. Kwana biyu ina gwada shi da yatsa sau uku a yini. Ranar farko ya riƙa nuna ƙasa da na yatsa da kamar 20 zuwa 25, ban yarda da shi ba, duk allurar ranar da lissafin yatsa aka yi ta. Yau tazarar ta dawo ƙasa da 10. Majo ya ce yinin farko dama yakan yi haka ko ba jini, kafin naman ya saba da zaren.

Tabo ya fito a ƙasan maɓallin, baƙi-baƙi mai ɗan shuɗi, faɗin babban yatsa. Na zagaye bakinsa da biro don in gane ko yana yaɗuwa. Abin da nake dubawa safe da yamma: ja mai faɗaɗa, ɗumi in na ɗora bayan hannu, kumburi mai tauri, ruwa ko mugunya, zazzaɓi. Mai ciwon sukari ba a yi masa sakaci da ƙaramin rauni. Goggo ta kawo wani garin magani da ta ce yana tsayar da jini, na karɓa na gode mata, na ce wannan hudar a ƙarƙashin manne za ta kwana 14, ba abin da zai shiga wurin sai abin da ya fito daga fakiti a rufe.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Wata damuwar ta daban ta taso, kuma ga Inna ta fi tabon girma. Ta ce tun ranar Talata zuciyarta ba ta kwanta da sallolinta ba, don akwai busasshen jini a ramin maɓallin, kuma ba ta sani ba ko fitarsa ta karya mata alwala. Na ji kunyar rashin tunanin wannan tun farko. Bayan an sauko daga masallaci malamin da ke karantar da su ya shigo. Ya ce a mazhabar Malikiyya fitar jini daga rauni ba ta karya alwala, kuma jinin da bai kai faɗin dirhami ba an yi rangwame a kansa a jiki ko a tufa. Maɓallin yana sama da gwiwar hannu, alwala ba ta kai wurin. Na wanka kuma ya ce hukuncinsa irin na ɗaurin rauni ne da aka yi don magani, a shafa a kansa. Na gaya masa ruwan wanka ba ya ɓata shi, takardar ta ce yana jure nutso har na rabin awa. Fuskar Inna ta saki. Ta sa aka kawo masa goro.

Talata, 10 ga Disamba

Na uku ya cika kwanakinsa 14 cif, wanda da a ranar farko ne da tuni yana cikin shara. Da na cire shi, bayan mannen akwai busasshen jini kamar tsatsa. Tabon bai taɓa ƙetare layin biro ba, yanzu ya koma ɗorawa-ɗorawa yana bajewa. Hudar ta rufe.

Na huɗu a dama, ba jini. Sanyi ya kankama, fatarta na bushewa, mun yi yarjejeniya ta shafa manta ko'ina ban da bayan dantsen da ke jiran layi, kwana ɗaya kafin ranar.

Litinin, 16 ga Disamba

Mun je wurin lokotoro da na'urar da wannan littafin. Ya daɗe yana duba layukan. Ya ce abin da ake nema ga yawancin masu ciwon shi ne sukari ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci. Makonni biyun farko Inna na kashi 52, na biyun 63. Faɗuwar dare ta ragu daga uku a mako zuwa ɗaya a mako biyu. Furar ta koma rabi, ludayi biyar ba sukari, nan ne aka fi shan daga da ita.

Na nuna masa hoton tabon. Ya duba dantsen biyu, ya tambaya ko dasashinta na jini in tana asuwaki, ko tana haɓo, ko tabo na fito mata a wasu wurare ba dalili. Babu ko ɗaya. Duk da haka ya rubuta gwajin jini don ya ga ƙwayoyin daskarewa, tunda sau biyu cikin huɗu ne. Asfirin yana nan yadda yake. Zancen azumi ya ce da sauran magana, faɗuwar daren nan ita ce ba ta ba shi natsuwa ba. Inna ba ta ce uffan ba sai da muka hau adaidaita, sannan ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Talata, 24 ga Disamba

Sakamakon gwajin ya fito tun ranar Juma'a, lafiya lau.

Na biyar a hagu. Ɗigo ɗaya ya leƙo ya tsaya a bakin ramin. Kafin in miƙa hannu Inna ta riga ta ɗauki kwamfares ta ba jikarta, ta ce ta danna ita ma ta koya. Minti uku, ya tsaya, mannen bai jiƙe ba. Ƙarfe biyar da kwata ya tashi da 142.

Wannan zai kai mu 7 ga Janairu. Saura kwali ɗaya a firij. Na duba ranar lalacewarsa, tana da sauran watanni, don haka mun shirya da lokotoro a ajiye shi sai tsakiyar Sha'aban, a manna, Inna ta gwada azumin nafila na yini ɗaya muna kallon layin, in ya sauka 70 ta sha ruwa nan take, kuma ta amsa da bakinta a gabansa. Tsakanin nan da can za mu koma yatsa sau huɗu a yini, har da na ƙarfe uku na dare sau biyu a mako. Na gaya wa Yaya labarin na farkon da muka ɓata, ya ce zai nemi wanda zai riƙo wasu biyu kafin watan Fabrairu ya ƙare. Gobe in sayo kwamfares, fakiti ɗaya ya rage.